Masu ƙona taya a Abuja, ku dubi Alonso

Tun da aka fara maganar kawo gasar tseren motoci ta Formula 1 Abuja na rasa sukuni a majalisarmu. Labarin kowa ya ji shi tun 2025: Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta mara wa wani kamfani baya don ya nemo mana gasar, ga Ruwanda da Afirka ta Kudu su ma suna zawarcinta. Neman bai dame ni sosai ba, mafarki ba a biyan kuɗinsa. Abin da ya ƙona min rai shi ne maganar da ta biyo baya, wadda na ji har a bakin masu boko: wai ai direbobi muna da su. A je a ga yaran da ke wasan mota a titunan Abuja da daddare ko ranar ɗaurin aure, in aka ba su irin waccan motar, Turawa sai dai su sha ƙura.

Ranar nan ɗan ƙanwata ya ƙara min gishiri a ciwo. Ya miƙo min waya yana dariya, ya ce, "Kawu, dubi wannan tsohon. Ya haura arba'in, rabonsa da cin tsere tun 2013, amma ya ƙi sauka. Da a nan ne da tuni yaranmu sun kora shi gida renon jikoki." Fernando Alonso, direban Formula 1, yake nufi. Na ce masa ya zauna, sai ya ce ana jiransa a Wuse. To ga abin da bai tsaya ya ji ba, shi da masu irin tunaninsa.

An haifi Alonso a 1981 a garin Oviedo na ƙasar Sifaniya. Mahaifinsa makanike ne a wata masana'anta, shi ya haɗa ƙaramar motar tsere ta yara, wadda ake kira kart, domin 'yarsa. Yarinyar ba ta nuna sha'awa ba, sai ƙanenta mai shekara 3 ya haye. Kafin Alonso ya yi tserensa na farko na Formula 1 a Ostireliya a 2001, ya yi wajen shekara 16 yana zagaya filaye a ƙananan gasanni, cikin ruwa da rana, yana koyon inda ake taka birki da inda ake sakinsa. Motar da ya fara da ita ma, ta ƙungiyar Minardi, ita ce kurar baya a shekarar, bai samu maki ko ɗaya ba. Shekarar da ta biyo baya a benci ya yi ta, yana yi wa Renault gwajin mota. Sai a 2003 ya ci tserensa na farko a Hangari, sannan a 2005 da 2006 ya zama zakaran duniya, ya katse mulkin Michael Schumacher da ya riƙe kambun shekara biyar a jere.

Wannan kowa zai iya karanto shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya zo bayan kofunan. Ya je Ferrari, kambu ya kuɓuce masa sau biyu a tseren ƙarshe na shekara, da tazarar maki 4 a 2010, da maki 3 a 2012. Ya koma McLaren ya sha shekara huɗu yawancinsu da injin da ba ya ja. A 2016 motarsa ta wuntsila a Ostireliya ta zama tarkace, ya fito da ƙafarsa amma da karayar haƙarƙari. A ƙarshen 2018 ya bar Formula 1, kuma maimakon ya je ya miƙe ƙafa, sai ya koma ɗalibi. Ya shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda direbobi uku ke karɓa-karɓa da mota ɗaya dare da rana, su ci tafiyar da ta haura kilomita 5,000, kamar a ce ka je Kano daga Abuja ka dawo wajen sau shida cikin kwana ɗaya. Ya ci shi da Toyota a 2018 tun kafin ya bar Formula 1, ya sake ci a 2019. Don haka ko lissafin ɗan ƙanwata na 2013 bai cika ba. A 2020 ya shiga tseren Dakar a hamadar Saudiyya, ya karya ƙafar mota, shi da abokin tafiyarsa suka durƙusa a rairayi suka gyara da hannunsu, ya ƙare na 13. Zakaran duniya sau biyu ke nan, ya yarda ya zo na 13 domin ya koyi tuƙin rairayi.

Ba waliyyi nake mayar da shi ba. Nasararsa ta Singafo a 2008 har yau tana wari, domin daga baya ta bayyana cewa shugabannin ƙungiyarsa ne suka sa abokin wasansa ya daki bango da gangan, ko da yake binciken hukumar tseren bai same shi da hannu ba. Kuma wajen zaɓen ƙungiya, mutumin ya sha yin gudun gara ya faɗa gidan zago.

Amma a dubi Hangari, Agustan 2021, kwana uku bayan ya cika shekara 40. Ya dawo Formula 1 da ƙungiyar Alpine, da ƙarfe a muƙamuƙi sakamakon haɗarin keke da ya yi a farkon shekarar. Lewis Hamilton ya taho a bayansa da Mercedes, motar da ta fi tasa gudu nesa ba kusa ba, da sababbin tayoyi. Zagaye wajen goma Alonso ya tsare masa hanya, ba tare da ya goge shi ya jefa shi waje ba. Duk kwanar da Hamilton ya nufa, sai ya tarar an riga shi. Kafin ya samu wucewa lokaci ya ƙure, abokin wasan Alonso, Esteban Ocon, ya ci tseren. A cikin waɗannan zagaye goma babu inda Alonso ya fi kowa gudu. Abin da ya yi aiki shi ne sanin inda zai ajiye motar a kowace kwana, da yadda zai tattala wutar batir ya sake ta a daidai miƙaƙƙen titin da za a kawo masa hari, da sanin halin mutumin da ke bayansa tun suna ƙungiya ɗaya a 2007. Da tsohuwar zuma ake magani. A 2023, shekarar da ya cika 42 a duniya, ya hau dandalin ukun farko sau takwas da Aston Martin, ya ƙare shekarar na huɗu. A 2024 ya zama direba na farko da ya cika tsere 400.

Yanzu a gaya min, wanne daga cikin wannan ake koya a shataletalen Abuja ƙarfe ɗayan dare? Yaro ya ɗauko motar babansa, ya taka totur, ya ja birkin hannu, mota ta juya, hayaƙin taya ya tashi, abokai na ihu suna ɗauka a waya. Minti biyu an gama. Direban Formula 1 kuwa tafiyar kilomita 300 da 'yan kai yake yi a zama ɗaya, a wuraren da gudun ke haura kilomita 300 a awa, in ya taka birki jikinsa ya ji nauyin da ya ninka nasa har sau biyar, a tsere mai zafi ya zubar da kilo biyu zuwa uku na gumi, kuma duk da haka yana magana da injiniya ta rediyo kan zafin taya da lokacin canza ta. Babban aikinsa ma shi ne tattalin taya. Namu gwanayen kuwa da ƙona ta suke taƙama. Abin da suke yi sunansa ganganci, kuma mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi, sau da yawa ma gidan mai tallan da ke tsaye a gefen titi ne, ba gidan mai motar ba.

Za a ce min ai Max Verstappen yana da shekara 17 ya shiga Formula 1. Haka ne, amma yana da shekara 4 ya fara kart, mahaifiyarsa 'yar tseren kart ce, mahaifinsa kuma, mai suna Jos kamar garinmu na Filato, ya yi tsere da Alonso a fili ɗaya. Wato tsohon da ake yi wa dariya ya kara da uba, ya zo yana karawa da ɗa. Oscar Piastri ma, wani direban Formula 1 da ya kara da shi, wata guda bayan tseren Alonso na farko aka haife shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan. Ka je tashar Jabi ka tambayi duk wani dattijon direban doguwar tafiya yadda ya fara. Zai ce maka yaron mota ya yi, shekara da shekaru yana wanki, yana sa waji, yana kwana a ƙarƙashin mota, kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari ko da a cikin tasha ne. Kuma in za ka sa iyalinka a mota zuwa Maiduguri, mai furfurar kake nema, ba yaron da ke cika bakin zai kai ka kafin la'asar ba. Tseren mota ma tsaninsa ke nan: kart, sai Formula 4, sai Formula 3, sai Formula 2, kuma sai ka tara maki 40 cikin shekara uku kafin a ba ka lasisin hawa babbar mota. Mu a wane mataki muke? Yaro ɗan shekara 8 a Kubwa ko Nyanya, in Allah ya ba shi baiwar Alonso, ina zai je ya gwada ta ranar Asabar, kuma wa zai ɗauki lokacinsa?

Masu kare shirin suna cewa gasar za ta jawo baƙi da masu zuba jari, sauran abubuwan su biyo baya. Haka aka ce wa Indiya, ta gina fili ta yi tsere uku daga 2011 zuwa 2013 aka naɗe tabarma. Koriya ta Kudu ta yi huɗu. Biyetnam ta shimfiɗa nata titin a Hanoi domin 2020, har yau mota ɗaya ba ta yi tseren Formula 1 a kai ba. Gasar nan ba kyauta take zuwa ba, miliyoyin daloli ake biya kowace shekara kafin a sauke kwantena ɗaya. Mu da filin wasa na ƙasa da aka gina a nan Abuja domin wasannin Afirka na 2003 sai da Dangote ya sa kuɗinsa aka farfaɗo da ciyawarsa, mu ne za mu riƙe titin tsere mai daraja ta ɗaya? Rabon Afirka da gasar tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, kuma ni ma ina so ta dawo. Amma in ta zo Abuja a yadda muke, aikinmu a ciki bai wuce share titi da riƙe wa baƙi lema ba, manyanmu na sama a rumfa mai sanyi suna ɗaukar hoto.

In da gaske ake, a ware fili a bayan gari, wajen Kuje ko hanyar filin jirgi, a yi titin kart mai araha, a sa gasar yara ta shekara-shekara, a jawo makanikan Apo su koyi haɗa motocin da gyaransu. Masu wasan mota kuma a buɗe musu wuri mai shinge da hular kwano da motar asibiti, wanda aka sake kamawa a titi a ƙwace motar ko ɗan waye. Ɗan ƙanwata na ce masa in an buɗe ni zan biya masa kuɗin zagaye goma na farko, da agogo a hannuna. Ya ce shi ya wuce motar yara.