Batir biyu ba ya nufin waya mai kauri

A garejojin Gusau da Ƙauran Namoda, in an tashi sake wa tsohuwar Marsandi 911 ko Bedford wayarin gaba ɗaya, sai ka ji mai mota yana cewa: "Tunda batir biyu take ɗauka, a sa mata waya mai kauri sosai." Wannan lissafi a juye yake.

Kaurin waya yana bin yawan wutar da ke ratsa ta ne, wato amfiya. Ƙwan fitilar gaba mai wat 70 a mota mai batir biyu da ke ba da bolt 24 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta) amfiya 3 kacal yake ja, alhali mai wat 60 a bolt 12 yana jan amfiya 5. Ka ga mai bolt 12 ɗin ce ma ta fi buƙatar kauri. Kuma ba kowane batir biyu ne bolt 24 ba, ya danganta da yadda aka haɗa su, don haka a fara aunawa da mita.

Abin dubawa shi ne cikin wayar. Akwai mai ƙatuwar roba, amma in ka kankare silin sai ka tarar da farin alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Alminiyam kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa a hanya mai gargada.

A kuma tambayi mai wayarin ko dainamo ke cajin motar ko an mayar da ita altaneta, domin haɗinsu ba ɗaya ba ne. Rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) da ƙwayayen fitila na bolt 12 kuwa, ƙonewa za su yi a bolt 24.