Mutumin da ya tara littafi dubu biyu, sannan ya ƙagi biyu

Kwana biyu ke nan ina juya labarin Johannes Trithemius a raina, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Bajamushe ne, haifaffen ƙauyen Trittenheim a shekarar 1462. Mijin uwarsa ba ya son ya yi karatu, sai da yaron ya riƙa koyo a ɓoye, daga baya ya gudu neman ilimi har ya kai Heidelberg. A 1482 yana kan hanyar komawa gida dusar ƙanƙara ta tare shi, ya fake a gidan ruhubanawa na Sponheim, wato Kiristocin nan da ke keɓe kansu don bauta. Da ya shiga bai ƙara fita ba. Shekara na zagayowa suka naɗa shi shugaban gidan, yana ɗan shekara 21.

Abin da ya tarar a ɗakin karatunsu bai wuce littafi hamsin ba. Cikin shekara ashirin da 'yan kai ya mayar da su kusan 2,000, har da na Girkanci da Ibrananci. Wasu saye ya yi, wasu musanya, wasu kuwa ya zaunar da almajiran gidan suka kwafe da hannu. Manyan malamai irin su Johannes Reuchlin takanas suke tahowa wannan lungu don su gani da idonsu.

Amma aikinsa da ya fi burge ni shi ne na 1494, wanda aka buga a Basel: jerin marubutan addinin Kirista kusan dubu, kowa da zamaninsa da sunayen abin da ya rubuta. Shekara guda bayan haka ya fitar da na marubutan Jamus zalla. Duk wanda ya taɓa neman wani tsohon littafi, aka ce masa "ai akwai shi a wurin wane", ya je ya tarar wane ya rasu, magada sun raba takardu, ya san darajar mai irin wannan aiki. Ba a yi masa kirari, amma ba don shi ba da sunaye da yawa sun bi iska.

Ya kuma yi gardama da injin ɗab'i, wanda a lokacin sabon abu ne. A ganinsa rubutun da aka yi a kan fata zai kai shekara dubu, na takarda kuwa da wuya ya wuce ɗari biyu. Lissafinsa bai fita daidai ba, don takardun zamaninsa suna nan har yau. Sai dai tambayar da ya yi tana da nauyi, musamman gare mu da muke zuba komai a waya: a kan me muke ajiye abin da muka sani?

To ga inda abin ya ɓata mini rai. Bayan rigima ta shiga tsakaninsa da ruhubanawan Sponheim, ya koma Würzburg a 1506, ya bar littattafansa a baya, daga bisani suka watse. A rubuce-rubucensa na tarihi ya jingina labarai ga mutum biyu, Hunibald da Meginfrid, ya ce tsofaffin marubuta ne. Masana sun tabbatar babu su. Shi ya ƙage su don cike giɓin da ya rasa hujja a kai.

Wasu na ba shi uzuri, wai halin zamanin ne, wai niyyarsa mai kyau ce. Ni ban karɓa ba. Mai riƙe da mabuɗin ɗakin littafi amana ce a hannunsa, domin mafi yawan mutane ba za su iya zuwa su duba ba, abin da ya faɗa shi za su ɗauka. Wanda ya tashi yana jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum ba zai ɗauki wannan ƙaramin laifi ba. Kuma don ina ƙaunar aikinsa ne abin ya fi yi mini ciwo: ya san bambancin littafin gaske da na ƙarya fiye da kowa a ƙasarsa.

Maximilian, sarkin daular da ke mulkin ƙasashen Jamus a lokacin, ya nemi a kawo masa littafin Hunibald ya gani. Trithemius ya ce ai a Sponheim ya baro shi. Aka nema ba a samu ba, har Trithemius ya rasu a Disambar 1516.