Digirin digirgir a fannin kiɗa ba makarantar koyon waƙa ba ne

Sau da yawa a nan Kaduna za ka ji matashi mai situdiyo yana cewa zai je jami'ar da ta fi kowace suna ya yi digirin digirgir a kiɗa don muryarsa ta ƙara zaƙi. Akwai kuskure biyu a nan.

Na farko, wannan digiri na bincike ne. Shekara uku ko fiye za ka yi kana karatu da rubuta kundi, ba rera waƙa ba. Na biyu, sunan jami'a ba shi ne kan gaba ba. Abin dubawa shi ne malamin da zai duba aikinka: ya san fannin da kake so? Idan kalangu ko kiɗan fada kake son nazarta, malamin da ya ƙware a kiɗan cocin Turawa ba zai tsinana maka komai ba, komai girman jami'arsa.

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da tsohon sashen kiɗa tun 1961. Amma mai nazarin waƙoƙin Mamman Shata yana iya samun masu duba shi a sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, nan kusa da gida.