Gusau: Shaguna sun yi yawa, ɗakin kwana ya yi wuya

Duk wanda ya bi titin Sakkwato ko na Zariya a cikin Gusau 'yan shekarun nan ya ga yadda gidajen bakin titi ke sauya kama. Da zarar mai gida ya samu hali, sai ya fasa katangar gaba ya yanka shaguna uku ko huɗu. Zauren da a da baƙo ke sauka a ciki yanzu an sa masa ƙofar ƙarfe, mai cajin waya ko mai sayar da siminti ya kama. Inda fili ke da girma kuwa, filaza ake tayarwa. A cikin wannan garin ne kuma mai neman ɗaki da falo zai yi ta sintiri wurin dillalai, daga ƙarshe a ce masa sai dai ya duba can wajen Damba ko Mareri.

Ba abin mamaki ba ne mazauni ya yi wuya. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 Gusau ke karɓar ma'aikata. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya, ga malamai ga ɗalibai. Sannan ga wadda ta fi duka ciwo: mutanen ƙauyukan Maru, Tsafe, Anka, Zurmi da Bunguɗu da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, waɗanda da yawansu ke raɓe a kangaye ko a cunkushe a gidajen 'yan uwa.

Ban ga laifin mai gida ba don ya zaɓi shago. Shago ba ya buƙatar bayi, ko kicin, ko famfo. Bango huɗu ne da ƙofa, kuɗin shekara kuma a dunƙule ake biya. Amma abin da ya zama riba ga mutum ɗaya, idan kowa ya yi shi a lokaci guda, gari ne ke kwana a ciki. Ku ɗaga kai ku dubi hawan sama na filazojin nan. Ɗan kasuwa ƙasa yake so, inda mai wucewa zai ga kayansa, don haka saman yakan daɗe a kulle, ƙura ta rufe gilasai, an rubuta lambar dillali da fenti a bango. Wannan kuɗi ne aka binne, alhali da an tsara wurin a matsayin gidan kwana da tuni an yi rububinsa. Shi kansa mai shago ciniki yake nema, ciniki kuwa mutanen da ke kwana kusa ne ke kawo shi. Wanda aka tura bayan gari, tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai ya yi lissafin kuɗin Keke kafin ya shigo sayen ko da buhun gishiri.

A ganina mafita tana hannun hukuma, kuma ba sai an nemo sabon iko ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin a yi gini. Hukumar tsara birane ta jiha na iya sa sharaɗi cewa duk benen da za a gina a manyan tituna, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Wanda ya bi wannan tsari a rage masa kuɗin izini. A cikin unguwa kuma a bar ɗan kanti da mai shayi, domin rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, amma mai walda da mai ɗura iskar gas a ware musu wurinsu.

Na san abin da za a ce: mu ba mu saba da zaman bene ba. Gaskiya ne, kuma ba maganar raini ba ce. Matar aure na buƙatar tsakar gida don girki da wanki da shanya, maƙwabci kuma ba zai lamunci tagar da ke leƙa iyalinsa ba. To ai waɗannan gidajen ba don mai mata biyu da 'ya'ya goma za a yi su ba. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan bautar ƙasa, ango da amarya, su ne za su hau. Idan suka hau, ɗakunan da suke riƙe da su a gidajen ƙasa sun samu ga masu iyali ke nan. Sai dai a sa wa mai gini ƙofar shiga daban da ta shaguna, tagogi su fuskanci titi, a kuma tilasta rijiyar burtsatse da tanki, don babu mai juriyar roƙon ɗan garuwa ya hau masa da jarka hawa biyu kowace safiya.

Gwamnatin Dauda Lawal na gyaran titunan cikin Gusau, aiki ne mai kyau. Amma duk titin da aka shimfiɗa wa kwalta, darajar gidajen bakinsa tashi take, dillalai kuma su fara zarya wurin masu su da tayin filaza. Don haka ya kamata wannan sharaɗi ya fito tun yanzu, kafin a fasa katangun da suka rage.