Fushinmu ne jarinsu

Duk bayan 'yan watanni sai wani guntun bidiyo daga talabijin ɗin Amurka ya zagaye wayoyin Sakkwatawa. Wani mai sharhi ɗan ra'ayin riƙau ya ɓaro magana kan Musulmi ko baƙi, wani yaro ya ɗora masa fassarar Hausa, kafin isha'i ana ta tsine masa a teburin mai shayi daga Mabera har Runjin Sambo. Na ga wani dattijo ya ajiye kofinsa, ya miƙa wa ɗansa waya yana cewa, "Tura wa kawunka, ya ga abin da ake faɗa a kanmu." Fushin halal ne. Amma wannan turawar ita ce ainihin abin da mai maganar yake nema.

A watan Maris na 2019, Jeanine Pirro, tsohuwar alƙaliya da ke gabatar da shiri a Fox News, ta tambaya ko hijabin da 'yar majalisa Ilhan Omar ke sawa alama ce ta bin shari'ar Musulunci, wadda a cewarta ta saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka. Aka yi mata ca, tashar kanta ta yi tir da kalaman, shirin ya ɓace mako biyu. Donald Trump ya fito ya ce a dawo da ita, aka kuwa dawo da ita. A 2025 ya naɗa ta babbar mai gabatar da ƙara ta tarayya a birnin Washington.

Na Tucker Carlson, wani mai gabatar da shiri a Fox a lokacin, ya fi wannan. A Disamban 2018 ya ce kwararar baƙi na ƙara wa Amurka talauci da ƙazanta. Kamfanoni da dama suka janye tallarsu, shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa: a tsakiyar 2020 sama da mutum miliyan 4 ke kallonsa a dare guda. A shekarar ne lauyoyin Fox suka kare shi a wata ƙarar ɓata suna da hujjar cewa mai hankali ba ya ɗaukar maganganunsa a matsayin zallar gaskiya, kuma kotu ta yarda. A duba fa: tashar da ke biyansa albashi ce ta faɗi haka.

Abin da ya girgiza Fox lissafi ne da takardu. Kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, ya kai ta ƙara kan ƙaryar maguɗin zaɓen 2020, ya tono saƙonnin da ma'aikatanta ke aika wa juna, waɗanda suka nuna wasunsu ba su yarda da abin da ake watsawa ba. A Afrilun 2023 tashar ta amince ta biya dala miliyan 787.5. Mako bai cika ba ta rabu da Carlson, ba tare da bayyana dalili ba.

Mu ma muna da irinsu, a rediyo da Facebook da TikTok, masu yi wa wata ƙabila ko ƙungiyar addini kuɗin goro don a tanka musu. Wasu na cewa hukumar NBC, mai kula da kafafen yaɗa labarai a Najeriya, ta rufe musu baki. Ban yarda ba. A 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5, sai a Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tarar kafafen yaɗa labarai. Ko da tana da shi, gwamnati kan fara da wanda ya soki gwamnati ne, ba wanda ya zagi talaka ba.

A nan gida ma taka musu birki ya fi sauƙi. Alhajin da ke ɗaukar nauyin shirin, yawanci mun san shagonsa, wataƙila sahu ɗaya muke bi ran Juma'a. A same shi da faifan, a tambaye shi ko da yawunsa aka faɗi wannan. A rubuta wa tashar a nemi filin mayar da martani, a tura wanda ya san maganar, ba wanda ya fi kowa ɗaga murya ba. In an ɓata sunan wani takamaimai, lauya ya rubuta takarda, kwafi ɗaya ga mai sharhin, ɗaya ga manajan tashar.