Kafin a saya wa yaro mai otizim furobayotik, a fara duba cikinsa

Yara masu larurar otizim (larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane) sun fi sauran yara fama da ciwon ciki, maƙarƙashiya da gudawa. Wannan ba abin musu ba ne: nazarin da mujallar Pediatrics ta buga a 2014 ya nuna matsalar ta ninka kusan sau huɗu a wajensu. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda masu tallan furobayotik, wato bakteriya masu rai da ake sha don amfanin hanji, ke ɗora hujja a kan haka, wai bakteriyar hanji ce ta haddasa larurar, kwalba ɗaya kuma za ta gyara.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Jami'ar Jihar Arizona ne, a 2017. Yara 18 aka ba maganin kashe bakteriya mai suna vancomycin na mako biyu, aka wanke musu hanji, sannan aka dasa musu bakteriyar da aka ɗebo daga bayan gidan mutane masu lafiya har mako bakwai zuwa takwas. Ciwon ciki ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Sai dai babu rukunin da aka ba maganin wofi don kwatantawa, kuma iyayen da suka san abin da ake ba 'ya'yansu suna cikin masu auna sauyin hali.

A 2021 masu bincike a Ostireliya suka gwada bayan gidan yara 247, 99 daga ciki masu otizim. Abin da suka gano ya juya lissafin: yaron ne ke tsanantawa wajen zaɓen abinci, ƙarancin nau'in abincin kuma ke rage nau'o'in bakteriyar. Wannan bayani ya fi gamsarwa.

Yaron da ba ya magana yakan nuna ciwon ciki ta hanyar ihu, buga kai ko rashin barci. A rubuta abin da ya ci, ruwan da ya sha da yanayin bayan gidansa na mako biyu, a kai wa likita. Wani kuskure da ake yi shi ne ɗaukar ruwan da ke zurarowa ta gefen busasshen kashi a matsayin gudawa, a ba da maganin tsayar da ita, toshewar ta ƙaru.

In likita ya yarda a gwada furobayotik, a zaɓi mai cikakken sunan ƙwayar da lambarta a jikin kwali, kada a haɗa da wani sabon magani, in ba sauyi bayan wata biyu a daina. Dashen bakteriyar bayan gida irin na binciken Arizona kuwa ba aikin cikin gida ba ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi bayan wani majiyyaci mai raunin garkuwar jiki ya mutu da ƙwayar cutar E. coli mai bijire wa magani da ya samu ta wannan hanya.