Ku masu tsaron butik, lambar wayar nan ba taku ba ce

Ƴan uwana matasan Damagaram da ke riƙe wa iyayen gida shaguna, daga Kasuwar Dole har cikin Zango, yau da ku nake.

Kwanan baya motar wani abokina ta mutu da dare a hanyar Tanut. Ya kira lambar da ke rubuce a ƙofar wani shagon kayan mota, sau huɗu tana shiga ba a ɗauka, a na biyar aka ce wayar a kashe take. Da safe na je da kaina. Yaron shagon ya ce mini, ko kunya babu, wai cajin ne ya ƙare wajen kallon TikTok. Bel ɗin motar da abokina ke nema kuwa ga shi nan a rataye saman kansa. A Kano aka sayo shi daga baya.

Ƙanena, ban ce ka hana idonka barci ba. Kai ma ɗan adam ne, kana da uwa da ke jiran ka dawo. Amma wanda ya buga ƙarfe 10 na dare ba hira ya zo yi ba, wata larura ce ta kama shi. Ka zauna da maigidanka ku tsaida magana: wa zai kwana da wayar, kuma wane kira ne ya isa a tashi mutum dominsa? Tambayar farashin shinkafa za ta iya jiran gari ya waye. Mota a daji ko maganin mara lafiya ba sa jira.

Wayar ma tana da dabararta. Ka danna **61*, lambar wanda ke kan aiki, sannan #, duk kiran da ba a ɗauka ba zai koma wurinsa. **62* na lokacin da waya ke kashe ne ko babu rezo, ##002# kuma ya goge duka. Sai dai a sani, kuɗin juyawar daga kiredinku ake cira, don haka ka gwada da rana kafin ka dogara da shi. A WhatsApp Business akwai saƙon da ke tafiya da kansa bayan an rufe. Rubuta lokacin buɗewa a ciki. Mutanenmu da yawa ba sa karatu, in ka ga saƙo ka amsa da murya.

In kuma ka ɗauka, to ka ɗauka da mutunci. Sallama, sunan shagon, sannan "Alhaji mun rufe, amma faɗa mini." Ban da "wane ne?" cikin tsawa, ga hayaniyar fada da ƙarar kofunan shayi a bayanka. Kada ka yanke farashi ko ka ba da bashi da dare ba da sanin maigida ba. Mai cewa an turo kuɗi bisa kuskure, a mayar masa yanzu yanzu, ka ce ya dakata sai an duba da safe.

Ka ajiye ɗan littafi kusa da katifarka: suna, lamba, abin da ake so. Kana buɗe shago, kafin ma ka share ƙofa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi bip kawai daga Mirya ko Magarya don ba shi da kiredi.